Wasiƙa daga Ingila: magani kyauta, gado sai an jira

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida ya yara, ya kuma jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonki a kan Auta, cewa ta gama makarantar jinya tana son biyo sahuna. Bari in ba ki labarin wurin yadda na same shi, sai ku yi shawara.

Abin da kuke ji ba duka ne ƙarya ba. Nan ba a yankar kati, ba a miƙa wa mutum takarda a ce ya ruga kemis ya sayo safar hannu da allura da ruwan da za a ƙara masa, irin zirga-zirgar da muka sha lokacin ciwon Baba, Allah ya jiƙansa. Tun 1948 da aka kafa hukumar lafiya ta NHS, haraji ke biya, daga haihuwa har tiyatar zuciya. Maganin da likitan unguwa ya rubuta ne ake biyan fam 9.90 kowane iri, yara da waɗanda suka kai 60 kuma ba sa biya. Wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Farasitamol a kanti bai kai fam ɗaya ba. Doya ce dai, in kin ji kuɗin guda ɗaya sai kin yi salati.

To amma fa an daɗe ana tsuke bakin aljihu. Daga 2010, zamanin Firayim Minista David Cameron da ministan kuɗinsa George Osborne, ƙarin da aka saba yi wa lafiya duk shekara, kusan kashi 4 cikin 100, ya koma wajen kashi 1, ga tsofaffi na ta ƙaruwa. Ƙananan hukumomi kuwa, su da ke ɗaukar nauyin kula da tsofaffi a gidajensu, yankan da aka yi musu ya fi tsanani. Sai tsohuwa ta warke sarai, likita ya sallame ta, amma ba mai karɓarta, ta ƙara makonni a kan gado. Wanda aka kawo yanzu ba gadon da za a ba shi, motocin asibiti su yi layi a ƙofa da mutane a ciki. A ƙa'ida bai kamata mutum ya wuce awa huɗu a sashen gaggawa ba, amma rabon da ƙasar ta cika wannan ƙa'ida tun 2015. A 2023 jerin masu jiran a yi musu magani a asibiti ya haura miliyan 7 da rabi.

Akwai abin da ban taɓa lura da darajarsa ba sai da na zo nan: mai jinya. Can gida, duk lalacewar asibiti, mara lafiya na da 'yarsa ko ƙanwarsa a tabarma gefen gado, ita ce wanka, ita ce ba da kunu, ita ce kai shi bayi. Nan duk wannan a wuyanmu yake. In aka rage nas ɗaya, ba wanda zai toshe gurbin. Wani dare cikin hunturun da ya wuce, wani dattijo ɗan shekara 80 da wani abu ya kwana a gadon turawa a baranda, ba labule, ba ƙararrawar kira. Da zai kama ruwa, zanin gado muka riƙe ni da wata 'yar Filifin muka kare shi. Yana ta ba mu haƙuri, wai ya dame mu. Wallahi Yaya sai da na shiga ɗakin magani na share hawaye.

Turawan ma gudu suke yi, wasu Ostareliya, wasu su bar aikin gaba ɗaya. A 2017 aka soke tallafin karatun jinya a Ingila, albashi kuma ya kasa kamo tsadar kaya, har babbar ƙungiyar nas-nas, RCN, ta shiga yajin aiki a Disambar 2022, irin wanda ba ta taɓa yi ba a shekara 106. Gurbin da suka bari shi muke cikewa, mu da 'yan Indiya da 'yan Filifin. Wanda muka bari a gida kuwa, Allah kaɗai ya san mai cike shi.

Sabuwar nas na farawa da wajen fam 30,000 a shekara. Kada Auta ta buga shi da naira ta ruɗe: haraji da haya da kuɗin ɗumama ɗaki sun cinye fiye da rabi, aikin kuma awa goma sha biyu ne a tsaye. In har ta nace, ta zo a matsayin nas, ta ci jarrabawar Turanci da sauran jarrabawa biyu na aikin jinya, ta kuma guji dillalan da ke karɓar miliyoyi a kan bizar renon tsofaffi.

In kin samu mai tahowa, ki ba shi kuka da daddawa da yaji, nawa sun ƙare tun azumi. A gaishe da Inna da Kawu da kyau. Ƙarfe bakwai zan karɓi aikin dare, bari in ɗan runtsa.

Taki ƙanwa.