Dajin Tsoro A Cikin Ɗaki: Abin Da Za Ka Saya Kafin Halloween Da Abin Da Za Ka Bari A Kanti

A Amurka da Kanada, da zarar Oktoba ta kama, gareji da zauren makaranta da ɗakin taron unguwa sukan koma gidan tsoro har zuwa daren 31 ga wata, wato Halloween, bikin da ake shigar ban tsoro. Cikin abin da ake shiryawa, daji ya fi wuyar fitowa da kyau, don mutum yana tsakanin bango huɗu da rufi, kai kuwa so kake ya manta a ɗaki yake. Kuɗi da yawa kan tafi ne a bishiyar da ba ta tsorata kowa.

Bishiyar da ake hurawa da iska ka barta a kanti: sheƙi take yi, fankarta na ƙugi, kamar kayan wasan yara. Ta roba da shagunan kayan Halloween ke sayarwa siririya ce, ba ta kai rufi, ga tsada, kuma bishiya ɗaya ba ta zama daji. Kwalin nan mai siffar bututu da magina ke zuba kankare a ciki yana da arha, amma miƙaƙƙe ne sambal kamar turken wutar lantarki. Busassun rassa na gaske kyauta ne, siffarsu kuma ba mai iya kwaikwaya, sai dai makamashi ne ka shigo da shi ɗaki, ga ƙwari, ga tsinin da ke daidai idon mai gudu. In dole sai ka sa su, ɗaure su sama da mita 2.

Wadda ta fi duka ita ce ta ragar wayar kejin kaji da algarara da kwaɓi. Tana cin lokaci, amma ita kaɗai ke ba ka kututture mai murɗewa, mai ɓawo, mai saiwa, wanda ko an taɓa shi a duhu ba ya tona asiri.

Ga yadda ake yi. Gindi: falankin katako santimita 60 kowace kusurwa, kaurinsa wajen santimita 2. Ka kafa bututun PVC mai inci ɗaya da rabi a tsakiya, tsayinsa ya kusa taɓa rufi, wanda a yawancin gidajen Amurka ƙafa 8 ne. Rassa kuma da gwiwar bututu mai digiri 45, kada biyu su fito a tsayi ɗaya. Sai ka naɗe shi da ragar waya, ƙasa da faɗi, sama a tsuke, kana matsawa da hannu don ya yi ƙusumbi da rami. Kowane bakin waya da ka yanke ka lanƙwasa shi ciki, don shi ke yagar hannun mutane daga baya.

Kwaɓin shi ne abin da masu wannan sana'a ke kira monster mud, wato lakar dodo: kashi 5 na filastar cike haɗin bango, wadda ake rubuta wa joint compound a jikin bokiti, da kashi 1 na fentin ruwa mai duhu. Ka sayi wadda ta zo a kwaɓe. Akwai ta gari mai lamba 20 ko 45 ko 90 a jikin buhu, lambar nan mintocin da take ɗauka ta daskare ne, za ta ƙame maka a bokiti kafin ka gama reshe ɗaya. Ka yanka algarara faɗin tafin hannu, ka tsoma, ka matse, ka manna daga sama zuwa ƙasa kana tsunkulo ta da yatsa don ta yi gurbin ɓawo. Ka ba ta kwana ɗaya zuwa biyu da fanka a kanta. In ta bushe, ka shafi saman ɓawon da burushi kusan busasshe mai fenti ruwan toka, nan take tsufa ke fitowa.

Inda ake kuskure: kwaɓi ya yi kauri sai ya tsattsage, rassa su yi nauyi sai bishiyar ta kife. Ɗora buhun yashi a gindi, ka ɗaure kanta da katakon rufi. Ruwa na jiƙa ta ta yi laushi, saboda haka kada ta zauna inda ke da danshi. Waɗanda za su jingina da bango rabi kawai za ka yi, ka ga an rage kaya. Kada ka jera su layi; hanya ta riƙa lanƙwasa bayan kowane taku huɗu ko biyar, faɗinta kada ya gaza inci 36, wato santimita 91, don keken guragu ya wuce.

Za ka ga ana yaba kumfar gwangwani mai kumbura wajen yin ɓawo. Tana da sauri, amma ni ba na ba da shawararta, domin soso ne, soso kuwa wuta yake jira.

Wannan magana ba ta wasa ba ce. Ranar 11 ga Mayu, 1984, gobara ta tashi a gidan tsoro na wurin shaƙatawar Six Flags Great Adventure a jihar New Jersey, matasa 8 suka mutu. Akwai soson roba a jikin bango, babu na'urar fesa ruwa, hanya kuma duhu da lungu-lungu. Bayan nan ne aka tsaurara ƙa'idar irin waɗannan gine-gine a Amurka. Shi ya sa inda ya kamata kuɗinka su tafi shi ne yadin rufe bango da rufi, kuma nan ne 'yan damfara suka fi yawa.

Baƙar leda ta magina ita ce mafi arha, ita ce kuma mafi muni: in ta kama, narkewa take tana ɗigo da wuta a kan mutane. Ragar ɓad-da-kama irin ta soja tana yin rufin ganye mai kyau ƙwarai, amma yawancin masu arha a intanet roba ce zalla. Kowa na iya rubuta "ba ya cin wuta" a tallarsa, rubutu ba ya tsada. Abin da za ka nema shi ne takardar gwaji mai ɗauke da lambar ƙa'idar gwajin wuta, wato NFPA 701 in kana Amurka, ko BS 5867 in kana Ingila, da sunan ɗakin gwajin, da sunan ainihin yadin da kake saye. Wasu hoton takardar wani yadi daban suke turowa. Duba haruffa kuma: IFR na nufin zaren kansa ne ba ya riƙe wuta, wanda aka yi wa feshi kuwa wanki ko danshi na iya cire maganin. Maganin feshin ma iri-iri ne, wanda aka yi don auduga ba lallai ya kama roba ba, kuma algarara da busasshen gansakuka suna bukatar a jiƙa su sharkaf.

Kome aka rubuta, gwada da kanka a waje. Yanki ƙyalle tsawon inci 4 ko fiye, riƙe shi da filaya a tsaye, sa ashana a ƙasansa daƙiƙa 12, ka janye. In ya ci gaba da ci fiye da daƙiƙa 2, ko ya ɗigo da wuta tana ci a ƙasa, mayar musu da kayansu. Jami'an kashe gobara irin wannan gwajin suke yi, kuma in jama'a za ka buɗe wa ƙofa, gara ka kira su tun kafin ka kafa bishiyar farko.

Hazo: inji mai wat 400 ya ishi gareji, 1000 na babban zaure ne. Hazon da ya fito da zafi sama yake tashi, sai ka bi da shi ta cikin akwatin ƙanƙara don ya kwanta a ƙasa tsakanin saiwoyi. Busasshiyar ƙanƙara ta fi kyan gani, amma iskar kabon ce daskararriya a digiri 78.5 ƙasa da sifili, kilo ɗaya na sakin iska fiye da lita 500, tana taruwa a ƙasa daidai hancin yara da mai wasan da ya kwanta yana jira. Ba ta dace da rufaffen ɗaki ba. Hazo kan tayar da ƙararrawar hayaƙi, maganinsa rage hazon, kada ka toshe ƙararrawar.

Fitila kuwa LED kawai, shuɗi daga sama a matsayin farin wata, kore kaɗan daga ƙasa a bayan kututture don inuwar rassa ta hau bango. Kyandir da kwan fitila mai zafi babu su a lissafi. In za ka sa mai walƙiya, rataya sanarwa a ƙofa saboda masu farfaɗiya. Fitilar da ke sa farin abu ƙyalli a duhu ma ana yin jabunta: kwan fitila ne kawai mai launin shunayya. Nemi wadda aka rubuta wa 365 zuwa 395 nanomita, ka haska ta a kan farar takarda ko layin alƙalamin nan mai ruwan ɗorawa da ɗalibai ke ja a littafi. In bai yi ƙyalli ba, launi kawai aka sayar maka.