Hattara da mai tallan tsofaffin mashin na wanke kwanoni daga Yamai: ya ci mini jika 185

Jika 185. Ku fara riƙe wannan adadin. Jika 120 kafin alƙalami, jika 40 wai na fidda kaya daga magaza, jika 25 kuɗin mota daga Yamai zuwa Tawa. Abin da ya iso hannuna kuwa gangar ƙarfe ce da buhun yashi a gindinta. Har yanzu in na tuna sai jikina ya ɗau rawa.

Ƴan uwa masu gyara da masu tara tsofaffin injuna, da ku nake. Mutumin yana yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook, yana cewa shagonsa na wajen Katako, wai kayan Turai na hannu yake saukewa ta Lome tun da aka rufe hanyar Kwatano a 2023. Ba zan sa sunansa da lambarsa ba tukuna don maganar tana komisariya, kuma sunan ma sauya shi yake yi. Hotunan hirarmu, saƙonnin muryarsa da takardun tura kuɗin guda uku duk suna nan, zan ɗora su da dare in na gama rufe lambobin.

Mashin biyu ya tallata, na ce ina son duka biyun. Na farko Bosch mai cikin inoks, irin mai programatar, wato maɓallin zaɓen wanki, na juyawa da hannu, wanda ba shi da kati na lantarki ko ɗaya. Na biyu KitchenAid tsoho na Amurka, mai rufin langa a ciki, da sunan kamfanin Hobart a jikin plak ɗinsa, wato ɗan allon da ke ɗauke da lambobin mashin. Duk mai wannan harka ya san darajarsa: Hobart ne ya fara fitar da su a 1949, Whirlpool ya sayi sunan a 1986, kuma na kafin nan su ake farauta saboda kaurin ƙarfensu da ƙarfin motar lantarkin da ke cikinsu.

Kada wani ya ce ban bincika ba. Na bincika. Na ce ya turo mini hoton plak ɗin da ke gefen ƙofar Bosch ɗin, ya turo cikin minti biyar. Akwai E-Nr, wato lambar samfurin mashin, akwai FD 7005, an rubuta 220 V da 50 Hz. A irin waɗannan tsofaffin, lambobi biyun farko na FD in ka ƙara su kan 1920 suna ba ka shekarar ƙira, biyun ƙarshe wata ne, ke nan watan Mayu na 1990. Ya dace da fasalin maɓallan, ya dace da siffar kwandunan. Wane ne cikinku zai ga haka ya yi shakka?

Amma inda ya kama ni da gaske wani wuri ne, kuma wurin nake ta juyawa a raina dare da rana. Cikin saƙon murya ya ce, "Malam, gaskiya ɗaya ce, robar ƙofa ta bushe ta tsage a kusurwar ƙasa, sai ka sake ta, ba na son ka ce na ɓoye maka." Shi da bakinsa ya faɗi aibin kayansa, ban tambaye shi ba. Sai ya ƙara da cewa, "Ruwanka na pompi ne ko na tanki? In tankin kan soro ne elektrovan ba zai buɗe sosai ba." Elektrovan shi ne bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa ya shiga mashin, kuma wannan magana daidai take. Mita 10 na tsawo ke ba da matsin ruwa na bar 1, tankin da ke mita 3 bai wuce bar 0,3 ba, mashin zai yi ta jiran ruwa ko ya yi wanki da rabi. Mutumin da ya san wannan, ya kuma ce maka robar ƙofa ta tsage, ta yaya za ka ɗauke shi ɓarawo? "Ba na son ka ce na ɓoye maka." Na saurari wannan saƙon ya fi sau 20. Bayansa ne na tura jika 120.

A'a, bidiyon mashin ɗin da ya turo mini ya riga. Bidiyon ne farko, ranar Talata, sannan saƙon muryar, sannan kuɗin ranar Laraba da hantsi. A bidiyon ƙofa a rufe take, ƴar fitila ja tana ci, ana jin ƙugin ruwa. Sakan 40 ne kawai. Yanzu da na sake kallonsa na lura maɓallin programatar bai gusa ko kaɗan ba, bai buɗe ƙofa na ga hannun feshi yana juyawa ko ruwa yana ɗiga daga kwando ba, kuma kyamarar ba ta bi daga gaban mashin zuwa plak ba. Fitila kuwa waya biyu ta ishe ta ci. Ƙarar ruwan daga ina ta fito, Allah kaɗai ya sani.

Jika 40 ɗin ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, wai mai magaza ya hana fitar da kaya sai an biya kuɗin ajiya. Na yi gardama, ya ce in na fasa zai maido mini jika 120 nan take, akwai wani mai gidan abinci da ke jira. Wanda ya ce zai maido maka kuɗinka ai ba ka zaton gudu zai yi. Na tura. Jika 25 na mota ya biyo baya. 120 da 40 da 25.

Kaya ya bi ta Dosso, Dogon Dutsi da Ƙonni, ya iso tasha a naɗe da kwali da leda, ɗaya tak. Na kira, ya ce na biyun yana motar gobe. Mu biyu muka ɗaga shi, nauyinsa ya yi daidai, hankalina ya kwanta. Sai da na kwantar da shi a bayansa na kwance farantin ƙasa.

Babban pompi mai juya ruwa babu shi, da motarsa da kondansatarsa duka an cire. Bakin tiyon da ke shiga cikinsa an toshe da tsumma an ɗaure da wayar ƙarfe. A gurbinsa buhun yashi ne, irin ƙaramin buhun shinkafa, an ɗaure shi da igiyar roba a jikin ƙafa don kada ya motsa. Ƙaramin pompin zubar da ruwa yana nan amma fankarsa ta karye. Na ɗora miltimeta, ma'aunin lantarki, a kan rezistans mai ɗumama ruwa. Mai wat 2000 a kan 220 ya kamata ya nuna wajen om 24, wannan bai nuna komai ba, a katse yake, kuma tsakanin bakinsa da gangar jiki akwai haɗuwa, ke nan da na jona shi kuran zai bi ƙarfen ya kama duk wanda ya taɓa ƙofar. Elektrovan da ya yi ta yi mini wa'azi a kansa, wanda naɗinsa ya kamata ya ba da kilo-om 3 zuwa 4, an datse wayoyinsa daga tushe. Haƙoran programatar uku sun kakkarye, ƴar motar da ke juya shi babu. Tiyon presosta mai auna yawan ruwa ya ƙeƙashe, ina taɓa shi ya ɓalle. Wayoyin jan ƙarfe rabinsu an zare.

Plak ɗin? Yana nan, FD 7005, amma manna shi aka yi da gam, gefensa ya ɗago, a ƙarƙashinsa ga shatin wani da aka kankare wanda ya fi shi faɗi. To ko da zan nemi pompi, da wace lamba zan nema? Lambar E-Nr ita ce ke kai ka ga kayan gyaran da suka dace, tawa kuma ta wani mashin ce daban. Robar ƙofa ta tsage a kusurwar ƙasa, kamar yadda ya faɗa. Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya gaya mini a kan mashin ɗin, a kanta ya karɓi jika 185.

Na manta ban faɗi na KitchenAid ba, kuma wannan tun kafin kuɗin farko ne. Na ce masa ai wannan na 120 V ne da 60 Hz, kuran ɗinmu kuwa 220 V ne da 50 Hz. Ya ce zai haɗa mini da turansifo kyauta. Na san turansifo bolt yake ragewa, ba ya taɓa hertz. Motar da aka ƙera ta yi juyi 3450 a minti za ta sauko wajen 2875 a kuran ɗinmu, feshi ya yi rauni, mota ta riƙa zafi, wankin minti 60 ya koma 72 don agogonsa ma da hertz yake tafiya. Na sani sarai, na yarda don gangar da kwandunan nake so, in gyara in ajiye. Ya ce to ai ni na fi shi sanin aikin. Mashin ɗin bai zo gobe ba, bai zo jibi ba. Ranar Litinin lambar ta daina shiga. Wani abokin sana'a ya zaga Katako layi-layi da hoton shagon, ba wanda ya san shi.

Jika 185, kuɗin da na ware na sayen kayan gyara. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Kada ku tura ko dala sai naku ya tsaya a gaban mashin ɗin. A kwantar da shi a buɗe ƙasa, a auna rezistans, a sa farce a gefen plak. In bidiyo ne, kiran kai tsaye, ya buɗe ƙofa ana cikin wanki. Wanda ya taɓa jin muryar nan mai cewa "ba na son ka ce na ɓoye maka" ya yi mini magana ta ciki, ana neman ƙarin masu shaida kafin Alhamis.