Igiya da abin wuyan da ya kamata ka saya idan kana son kare ya riƙa tafiya a gefenka

Yawancin masu kare a garuruwanmu ba su ke fita da karen ba, karen ne ke fita da su. Ka tsaya bakin titi da yamma ka gani: ƙaton Alsatian ko Boerboel a gaba yana haki, harshe a waje, maigadi ko yaron gida a baya yana turjewa da hannu biyu, mutane na ta darewa. Abin da ake so shi ne kare ya jera da kai, kafaɗarsa daidai gwiwarka ta hagu, igiya a sake tana lilo, in ka tsaya ya tsaya. Horo ne ke kawo wannan, amma kayan da ka sa masa na iya sauƙaƙa aikin ko su lalata shi tun ranar farko. Don haka kafin ka ba mai shago kuɗinka, ga yadda nake kallon abin da ke kasuwa.

Abu ɗaya ya kamata a fara sani game da jikin kare: idan ka ja shi baya, gaba zai ƙara dannawa. Halittarsa ce haka, ba taurin kai ba. Duk abin da aka ɗaura masa wanda zoben maƙala igiyarsa ke kan wuya ko gadon baya, yana ba shi inda zai jingina nauyinsa ya ja. Da wannan ma'auni nake auna komai.

Abin wuya na fata ko nailan, wanda kowa ya sani, yana da amfaninsa: a rataya lambar wayarka, a riƙe kare na ɗan lokaci. Ga karen da ya riga ya iya tafiya, ya wadatar. Ga mai ja kuwa, duk ƙarfin yana sauka kan maƙogwaro, shi ya sa kake jin wannan tarin mai kama da an shaƙe shi. In za ka saya, ka zaɓi mai faɗi, ka ɗaura yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya. Sarƙa mai zargewa ita ce ta fi yawa a hannun mutanenmu saboda araha da kuma kwarjini, kuma ita ce ba zan ba kowa shawarar saye ba, domin ba ta da iyakar matsewa. Mai ƙayoyin ƙarfe ta ciki ma ba zan ba da shawararta ba, ko da ta Herm Sprenger ce ta Jamus, balle jabunta mai tsinin baki. Mai jan lantarki kuwa, yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010, ni ma a nan na tsaya.

Akwai wani abin wuya da ake kira martingel, mai madauki biyu, wanda yake ɗan matsewa in kare ya ja amma ya tsaya a wani ƙaddararren wuri. An yi shi ne don karnuka masu siririn kai irin Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, waɗanda kansu bai fi wuyansu kauri sosai ba, su kan zame abin wuya ta baya su tsere. Karnukan farautarmu da yawa haka ƙirarsu take, to ga su yana da kyau. Sai dai zamewa yake hanawa, ba ja ba.

Wadda nake so, kuma ita nake sa wa nawa, ita ce ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, wadda masu shago ke ce wa hanes. A lura da kyau, mai zobe a gaba na ce, a tsakiyar ƙirji inda ƙashin ya ɗan turo. Hikimarta a nan take. Idan kare ya zabura, igiyar da ke maƙale a ƙirjinsa sai ta karkato da shi gefe, ya tsinci kansa yana fuskantarka. Bai ji zafi ba, bai shaƙe ba, kuma bai je inda ya nufa ba. A daidai lokacin da ya juyo ya dube ka, a nan ake koyarwa: ka kira sunansa, ka miƙa masa ɗan abin ci daidai ɗinkin wandonka na hagu, ku ci gaba. Bayan wasu kwanaki zai gane cewa alheri a gefen ƙafarka yake. Abin da ya ƙara sa na riƙe ta shi ne, ko mace ko matashi mai matsakaicin ƙarfi zai iya riƙe babban kare da ita, domin ba kokawa ake yi ba. Kuma a ƙasa mai zafi irin tamu, inda kare da haki yake sanyaya jikinsa, barin maƙogwaronsa a sake ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗamarar ma iri-iri ce. Ka nemi wadda in ka tsaya gaban kare za ka ga madaurinta sun sauko daga kafaɗu biyu sun haɗu a ƙirji, sannan ɗaya ya bi ta tsakanin ƙafafuwan gaba. Wannan ƙirar tana barin kafaɗa ta yi motsi. Front Range ta Ruffwear haka take, da zobe gaba da baya. Easy Walk ta PetSafe tana hana ja sosai, amma madaurinta a gicciye yake kan kafaɗa, don haka ta horo ce ta ɗan lokaci, ba ta yawo mai nisa kullum ba. Irin mai kama da sirdi, wadda Julius-K9 ta yi suna da ita, mai rubutu a gefe, tana da kyau a hoto, amma zoben a baya yake, kuma kare mai ja daɗi yake ji a cikinta. Kada ka sayi ɗamara da ido ko da sunan jinsi. Ka ari tef ɗin tela ka auna kewayen ƙirji, bayan ƙafafuwan gaba inda haƙarƙari ya fi faɗi, ka tafi da lambar. In ka sa masa, ka duba kada madauri ya zauna cikin hammata, domin nan ne gashi ke fara zubewa, fata ta yi ja, ƙuda ya samu wurin sauka. Kwikwiyo kuma girma yake da sauri, ka saya masa mai wurin ƙarawa da ragewa aƙalla huɗu.

Ragamar kai, irin Halti ko Gentle Leader, ita ce ta biyu a wurina. Aikinta irin na ragamar doki ne: inda kai ya juya jiki zai bi. Tana riƙe ƙaton kare, amma karnuka da yawa ba sa ƙaunarta, sai sun yi ta birgima suna goga hanci a ƙasa kafin su saba, kuma fizga ɗaya mai ƙarfi na iya murɗe wuya. Ba takunkumi ba ce, ba ta hana cizo.

Igiya kuwa, tsawon mita 1.2 zuwa 1.8, marar wani ƙaƙale. Mai naɗe kanta cikin robar hannu, irin Flexi, koya wa kare take cewa in ya ja za a ƙara masa tsawo. Sarƙa tana cin tafin hannu. Ni ta fata nake so, kuma ba sai ta waje ba. Ka je wurin baduku ka ce ya yanka maka fatar shanu mai kauri, faɗin yatsa biyu, ya yi mata madaukin hannu, ya ɗinke da zare mai ƙarfi. Amma ƙugiyar da ake maƙala igiyar a zobe da ita, kai za ka kai masa da hannunka.

A kan ƙugiyar nan zan daɗe, don ita ta taɓa jefa ni cikin tashin hankali. Na sayi igiya mai sheƙi a wani shago, ƙugiyarta ruwan zinariya, mai shagon yana ta rantsuwa cewa kayan waje ne. Muna tafiya da yamma akuya ta gifta, kare ya zabura, sai na ji ƙas, igiya ta dawo hannuna ba nauyi. Ya tsallaka kwalta a guje, wani mai Keke Napep ya taka birki har fasinjojinsa suka yi salati. Allah ya tsare. Da na ɗauki guntun ƙugiyar, cikinta fari-fari ne mai gari-gari, ƙarfen zubi ne aka shafa wa ruwan tagulla. Irin wannan ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, karyewa yake lokaci guda. Yanzu kafin in biya, sai na karce bayan ƙugiya da makulli: tagulla ta gaske rawaya ce har ciki, ta jabu nan take farin zai leƙo. Ka ɗaga ka ji nauyinta. Ka danna harshenta sau da yawa ka ga ko yana komawa da ƙarfi. Ka juya wuyanta, in yana girgiɗi, ajiye. Zoben ɗamarar ma ka zagaya shi da farce, in ka ji tsaga inda bakin ƙarfen ya haɗu, ba a yi masa walda ba, babban kare zai buɗe shi. Inda aka ɗinke madauri ka nemi ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a ciki, ba layi ɗaya ba. Maɓallin roba ka matsa shi, in ya yi fari a wurin lanƙwasa, ba zai jure ranar bazara ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai tana iya ci, na kare ko na ɗan mutane.

Masu sayarwa a intanet sai an yi hattara ninki biyu. Suna ɗora hoton kayan asali su aiko da jabu, tambarin a karkace, rubutun da kuskure, zare na zazzagowa. Wasu su aiko da girman kyanwa alhali na Rottweiler ka biya. Ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin kayan tare da tef a kai, kuma in da hali kada ka biya sai ya iso hannunka. Ɗamarar gwanjo ta asali ta fi sabuwar jabu, muddin ka wanke ta da ruwan zafi da sabulu saboda kaska da ƙazuwa.

Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu cewa ka kawo karenka ka bar musu, bayan mako biyu ka zo ka ɗauka ya iya komai. Akwai na kirki a cikinsu, amma akwai masu horo da yunwa da dorina. Za a dawo maka da kare yana tafiya a gefe, e, amma jela a matse, kunnuwa a kwance, in ka ɗaga hannu ya ƙanƙance. Wannan tsoro ne, kuma karen da aka tara wa tsoro shi ne wata rana yake cizon yaro. Duk mai horon da ya hana ka zuwa kallo ba tare da sanarwa ba, ko ya ƙi koya maka yadda za ka riƙe igiyar da kanka, ka kama karenka ku tafi. Dabba amana ce a hannunka, za a tambaye ka.

In kayan sun samu, ka fara a tsakar gida inda ba abin da zai ɗauke masa hankali, minti 5 zuwa 10 a zama ɗaya, kafin ya ci abinci. Ka zaɓi kalma ɗaya, kamar "gefe", kowa a gidan ya riƙe ta. Igiya ta miƙe, ka tsaya cak; ta saki, ku tafi. Ladansa dafaffiyar hanta ce a yanka ƙanana, ba kilishi ko tsire ba, domin yaji da albasa suna cutar da kare. Sai ya iya a gida za a fita layi, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma ka fara ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba ka iya jurewa ba shi ma tafinsa ba zai jure ba. Kafin fitar farko, ka tabbata likitan dabbobi ya yi masa allurar rigakafin haukar kare, katin kuma yana ajiye inda za ka iya ɗaukowa in maƙwabci ya tambaya.