Gargaɗi ga masu shirin sayen dokin farko: ku kula da mai tallan "doki mai sanyin hali"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar dawakai. Kunya ce ta hana ni rubuta wannan tun tuni, sai jiya na sake cin karo da tallan mutumin da ya cuce ni a Facebook. Dokin daban ne, lambar waya daban, amma kalaman ko wasali bai canja ba: "Horarre ne, mai sanyin hali, ko yaro zai hau." Ba zan kama suna ba, don sunan ma canja shi yake yi kamar riga. Yadda yake aikin nasa zan faɗa muku.

Ni sabon shiga ne. Watanni kaɗan na yi ina koyon hawa a kan wata tsohuwar goɗiya mai haƙuri, sai na ɗauka na san doki. Da na kira shi, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, ka taɓa riƙe doki?" Na ce a'a. Nan take muryarsa ta yi laushi. Shi ya sa rana, shi ya sa lokaci, ya kuma ja mini kunne kada in zo da wuri, wai yana da uzuri.

Na tarar an riga an ɗaura sirdi, an sa linzami. Dokin na tsaye kai a sunkuye, leɓen ƙasa a sake yana reto, idanu rabi a rufe, gabansa a zube waje. Wani yaro ya yar da bokitin ƙarfe kusa da ƙafarsa, ko kunne bai kaɗa ba. Na ce a raina, yau na samu dokina. Na ga busasshen gumi ya daskare a gashin wuyansa, ban san me yake nufi ba. Zagaye biyu na yi a kansa, tafiya kamar ta raƙumi.

"Ka dai gani da idonka," in ji shi. "Akwai wani Alhaji da zai zo da yamma da kuɗi a hannu, amma na fi so ya shiga hannun mutumin kirki irinka." Na ce zan kawo likitan dabbobi ya duba. Ya yi dariya ya ce ɓata kuɗi ne, nasa likitan ya duba shi makon jiya. Na biya.

Washegari da safe na shiga barga da ragama, sai ya kwantar da kunnuwa baya, ya juyo mini da ƙugu. Da ƙyar muka ɗaura sirdi mu uku. Ina sa ƙafa a likkafa ya yi tabarya, wato ya miƙe kan ƙafafun baya, ya sauko ya yi tutsu, sai ga ni a ƙasa, kafaɗa ta goce. A kwana na uku kuma ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu.

Likitan da na ƙi kira da farko shi na kira a ƙarshe. Da na kwatanta masa yadda na ga dokin ranar ciniki, ya ce alamun maganin kwantar da dabba ne, irin su acepromazine, wanda ke aiki na 'yan sa'o'i ya sake. Dalilin da ya sa aka tsayar mini da lokaci ke nan. Akwai ma masu daɗewa a jiki kamar reserpine da fluphenazine, waɗanda kan kai makonni kafin ainihin halin dokin ya fito, lokacin ciniki ya daɗe da faɗawa. Ɗingishin kuwa ana rufe shi da maganin kashe zafi, phenylbutazone. Gumin nan da na gani, an gajiyar da shi ne da sukuwa kafin in iso. Sannan ya ɗaga leɓen sama ya nuna mini wani layi a haƙorin gaba na gefe. Layin kan ɓullo daga dasashi wajen shekara 10, ya kai rabin haƙori wajen 15, ya kai ƙarshe wajen 20. Na dokina ya wuce rabi. An sayar mini da shi a matsayin ɗan shekara 8.

Na kira mutumin. Amsarsa ita ce ta fi kafaɗar yi mini ciwo: "Haba Malam, ai doki dabba ce, yau lafiya gobe tutsu. Kai ne ba ka iya ba." Daga nan ya rufe layi.

Abin da ya sa wannan ƙarya take shiga shi ne akwai gaskiya a cikinta. Doki dabba ce da aka halitta da gudun abin tsoro, idanunsa a gefen kai suke, yana hango kusan ko'ina amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Leda ta tashi a iska sai ya zabura, kuma nauyinsa kan kai kilo 400 zuwa 500. Horarren doki ma yana firgita, sabon wuri kuma kan dagula shi na kwanaki. To amma lafiyayyen doki mai sanyin hali kunnuwansa na motsi, yana kallonka, yana shinshinar hannunka. Wanda bokiti ya faɗi a gabansa bai motsa ba, wannan ba haƙuri ba ne, kuma ni da na san haka da ban hau ba.

Don Allah, in za ku je duba doki, ku tafi da wanda ya san dawakai, ku isa kafin lokacin da aka sa muku, ku kuma koma wata rana ba sanarwa. Ku ce a kamo shi daga turke a gabanku, a ɗaga kofato huɗu, a ɗaura sirdi kuna kallo, mai shi ya fara hawa kafin ku. A zagaya da shi a ƙasa mai tauri, nan ɗingishi ke tona kansa. Likita ya zama naku, ya ɗebi jini a ranar, domin bayan kwanaki maganin kan bar jiki, hujjarku ta tafi. Shekarun dokin da sharaɗin mayarwa a rubuta su a takarda gaban shaidu. Duk wanda ya ce ku turo kafin alƙalami daga ganin hoto kawai, cinikin biri a sama yake so ku yi, wani lokacin ma babu dokin, hoton na wani ne.

Dokin yana nan a wurina, ban sake hawansa ba. Ana yi masa jinyar ƙafa, wani mai horo yana jan sa a ƙasa kowace safiya. A sabon tallan da na gani jiya akawal ne, wato baƙin doki, kuma a hoton leɓensa na ƙasa a sake yake.