Maɗaurin Hannu na Rage Laulayi: Abin da Yake Iyawa da Inda Ya Gaza

Daga cikin kayan da ake tallata wa masu sabon ciki akwai wani maɗauri mai talewa da ake sanyawa a wuyan hannu, wanda aka ce yana rage tashin zuciya ba tare da an sha magani ba. Tun asali an yi shi ne domin matafiyan da jirgin ruwa ko mota ke tayar wa zuciya, kuma Sea-Band shi ne sunan da aka fi sani, ko da yake kamfanoni da dama suna yin irinsa. Ba abin mamaki ba ne da ya samu karɓuwa, domin mata 7 zuwa 8 cikin kowane 10 suna fama da tashin zuciya a farkon ciki, wanda yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen mako na 9, sannan ya lafa wa yawancinsu tsakanin mako na 12 da na 16.

Maɗaurin guda biyu yake zuwa, kowanne da ɗan maɓallin roba mai tauri ta ciki. Mace za ta ɗora yatsu uku daga layin wuyan hannunta ta ɓangaren tafi, inda yatsa na uku ya ƙare sai ta laluba tsakanin jijiyoyi biyu da ke miƙe a wurin, nan ne maɓallin zai zauna yana dannawa. Likitancin gargajiya na ƙasar Sin ne ya ware wannan gurbi, ana kuma kiransa P6. Hannu biyun ake sanyawa.

Babban abin da na yaba masa shi ne ba a haɗiye shi kuma ba shi da ƙamshi. Duk wanda ya zauna da mai laulayi ya san cewa wani lokaci ganin ƙwayar magani kaɗai ya isa ya taso mata da amai, balle warin girki ko turare. Ba ya sa barci, babu abin da yake kaiwa ga ɗan tayi, ana wanke shi a sake sanyawa. Sai dai idan ya daɗe a hannu yakan bar ɗan rami ja a fata, musamman ga mai kaurin hannu, kuma da an wanke hannu ko an yi barci maɓallin yakan goce daga gurbinsa, sai an sake aunawa.

Batun ko yana aiki kuwa, a nan ya kamata a yi taka-tsantsan. Cibiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken likitanci tana tace shi, ta duba hanyoyin rage laulayi a 2015, ta kuma samu cewa hujjar da ke goyon bayan danna P6 ba ta da ƙarfi, sakamakon gwaje-gwajen ma bai zo ɗaya ba. A 2023 kuma wani bincike da masana na Jami'ar Cambridge suka jagoranta ya danganta laulayi da sinadarin GDF15 da mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa, abin da babu maɓallin da zai iya rage yawansa. A ganina, matar da ta ce ta ji sauƙi ba ƙarya ta yi ba, amma tun da laulayi yana lafawa da kansa, maɗaurin yakan karɓi yabon da lokaci ya kamata a yi wa.

Sauran alamomin farkon ciki, irin su kasala, yawan fitsari, nauyin nono, ƙwannafi da taurin bayan gida, ba ruwansa da su. Ko a kan tashin zuciyar ma, cin abinci kaɗan-kaɗan ba tare da an bar ciki wayam ba, kurɓar ruwa a hankali tsakanin abinci, da ɗan taɓa wani abu busasshe kafin a sauko daga gado da safe, duk suna taimakawa kuma ba sai an sayi komai ba. Citta da bitamin B6 suna cikin abubuwan da likitoci ke ba da shawara a gwada, idan kuma maganin ƙarin jini ne ke ƙara dagula cikin, a faɗa a wurin awo domin a sauya lokacin shansa, maimakon a daina a ɓoye.

Inda nake jin tsoron wannan maɗauri shi ne ya sa mace ta yi ta haƙuri alhali ciwon ya wuce laulayi na yau da kullum. Idan ruwa ma ya ƙi zama a ciki na tsawon yini, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko tana ramewa, ko jiri na ɗibarta idan ta miƙe, ko ta ga jini a amai, to asibiti za ta nufa, domin mai yiwuwa tana bukatar ƙarin ruwa da maganin tsayar da amai wanda likita ya tabbatar bai cutar da ciki.