Neman aiki a Manchesta da neman aiki a Kaduna

Assalamu alaikum ƙannena. Da yawanku kun karɓi takardar sallama daga bautar ƙasa, alawus ɗin naira 77,000 ya tsaya, kuma tambayar da kuke ta aiko mini ta WhatsApp ɗaya ce: Yaya, can wajenku ya neman aiki yake? To ga abin da idona ya gani.

Bari in fara da CV. A gida mutum zai shiga shagon buga takardu a bakin Kadpoly, a ɗauko masa ta wani a canza suna, a jera ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure ko babu, a manna hoto, a rufe da sunayen manyan mutane uku da ba su san ma yana neman aiki ba. A nan duk wannan cirewa ake yi. Dokar daidaito ta 2010 ta hana mai ɗaukar aiki ya bambanta mutane saboda shekaru, addini, launin fata ko jinsi, don haka kamfanoni ba sa ma son ganin waɗannan bayanan. Shafi biyu ne, kuma abin da suke nema a ciki shi ne aikin da ka taɓa yi da abin da ya haifar. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ku adana ta, aikin gwamnatin tarayya ba ya yiwuwa sai da ita saboda rabon gurabe tsakanin jihohi. Amma in kamfani ne ko ƙungiya mai zaman kanta, ku cika shafin da aikinku. Wadda ta koyar da lissafi a ƙauye shekara guda ta faɗi aji nawa ta riƙe, yara nawa, me ya canza.

Abin da ya fi burge ni shi ne ofishin ba da shawarar aiki da kowace jami'a take da shi. Kyauta ne. Za ka zauna da ma'aikaciya, ta bi takardarka layi-layi da biro, sannan ta yi maka intabiyu na gwaji. A nan ne tarbiyyarmu take ba mu wahala. An raine mu da kunya da kawaici, ba ma kallon babba cikin ido, kuma ko kai kaɗai ka yi aiki sai ka ce "mun yi". Na ga an tsayar da wani ɗan'uwanmu Bahaushe a tsakiyar amsa, matar ta ajiye bironta ta ce masa ita ba ƙungiyarsu za ta ɗauka ba, shi za ta ɗauka, ya gaya mata abin da shi ya yi da hannunsa. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ita kuma ta ɗauka bai da abin faɗi. Yaron nan kuwa shi ya haɗa wa wani asibiti wutar sola tun yana gida. Ba sai kun zo Ingila za ku gyara wannan ba. Ku haɗu ku uku a zaure, ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa, na ukun ya ɗauka da waya, ku kalla tare.

Sai dai tsarin nan ba shi da fuska. Ta shafukan neman aiki irin su Indeed da LinkedIn ko shafin kamfani za ka tura, sau da yawa kwamfuta ce ke fara tacewa, amsar kuma wasiƙar haƙuri ce da aka aika wa kowa iri ɗaya, in ma an amsa ke nan. Babu ofishin da za ka je ka gaida masinja ya raɗa maka ranar da oga yake zama. Wannan kam Kaduna ta fi, matuƙar gaisuwa ce ba cin hanci ba. Kuma kada a ruɗe ku cewa a nan babu sanayya. Akwai, ma'aikaci yakan gabatar da wanda ya sani, wasu kamfanonin har tukwici suke ba shi. Bambancin shi ne za a rubuta wa tsohon shugabanka da gaske a tambaye shi halinka. Saboda haka wanda ya kula da ku a wurin bautar ƙasa, ku rabu lafiya, ku riƙe lambarsa.

Kayan shiga intabiyu kuwa, Kasuwar Barci ta yi musu fintinkau. Su ma suna da gwanjo, a shagunan ƙungiyoyin agaji, za ka samu kwat mai kyau da araha, amma kuɗin rage tsawon wando wajen tela yakan kai kuɗin wandon kansa. A Tudun Wada kana tsaye za a gyara maka. Inda suka fi mu shi ne wuta da intanet da laburare: da katin laburaren gari za ka zauna kan kwamfuta kyauta, motar bas kuma fam 2 ce tafiya ɗaya. Ku da ke gida, in an sa muku intabiyu ta bidiyo, ku nemi ɗakin da ke da sola da sabis mai ƙarfi tun ana gobe.

Maganar albashi ita ce ke ɗaukar hankalinku, na sani. A Afrilun 2025 an mayar da mafi ƙarancin lada a nan fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21, alhali a Najeriya naira 70,000 ne a wata. Kafin ku buga lissafi, ku cire haraji da hayar ɗaki guda a gidan haɗaka da kuɗin ɗumama shi da sanyi. Masu digiri na biyu da yawa ɗaukar kaya suke yi a rumbunan kamfanoni cikin dare. Bizar da aka fara bayarwa a 2021 ga waɗanda suka gama karatu a nan ta ɗan lokaci ce, in ta ƙare sai ka samu kamfanin da zai tsaya maka, kuma tun Yulin 2025 yawancin ayyuka sai albashin ya kai fam 41,700 a shekara. A watan ne kuma aka rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Duk wanda ya ce ku kawo miliyoyi ya sayar muku da takardar ɗaukar nauyi, wato shaidar cewa kamfani ya tsaya muku, ku sani ba kayan sayarwa ba ce, kada a taɓa filin gado a kanta.

Wanda ya fi kowa kwanciyar hankali a nan, a ganina, mai gyaran famfo ne da mai haɗa wuta, sai ka yi kwanaki kana jiran su samu lokacinka. Mu da muka tashi muna ganin masaƙun Kakuri a rufe bai kamata mu raina Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, ba. Mai digirin injiniya da ya yi wata shida a can yana koyon walda ko haɗa sola ya samu abin rubutawa a shafin farko.

Masu son in duba musu CV su turo ta PDF, da cikakken suna a kan fayil ɗin, daga adireshin imel mai sunan kirki. Ku gaida su Baba da Inna.