Hattara da masu tallar koyar da haɗa manhajar waya cikin sati biyu

Salamu alaikum 'yan uwa na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina. Wata talla tana yawo a WhatsApp da TikTok, wai za a koya wa yaro haɗa manhajar Android cikin sati biyu, ya ɗora ta a Play Store, daloli su riƙa shigo masa yana kwance. Mai maganar da Hausa yake yi, baki kamar zuma, kowace jimla da insha Allahu a ƙarshenta. Ban kama suna ba, don suna da lamba duk canza su suke yi. Salon ne ba ya canzawa.

Ka tura kuɗin rajista ta MoMo, sunan da zai fito a lambar ba na mai tallar ba ne. A jefa ka wani gurof inda shugabanni kaɗai ke iya rubutu, a turo bidiyoyin da aka kwaso daga YouTube an yanke sunan masu su. Bayan 'yan kwanaki a ce ka kawo kuɗin lasisin Android Studio, wato manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android da ita. Wane lasisi? Android Studio kyauta Google ke ba da shi, sauran kayan aikin ma kyauta ne, irin su Flutter, Kotlin, da MIT App Inventor da yaran makaranta ke fara koyo da shi. Kuɗin da ake biya na gaskiya shi ne dala 25, sau ɗaya, kai tsaye ga Google da katin banki, don buɗe asusun ɗora manhaja. Na Apple dala 99 ne duk shekara.

Sati biyun ma ƙarya ce. Duk wanda ya buɗe asusun kansa bayan 13 ga Nuwamba 2023, sai ya samo masu gwada manhajarsa na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya sake ta ga jama'a. Da farko mutum 20 ake nema, aka rage zuwa 12. Gwajin kaɗai ya cinye sati biyun, ba a yi zancen koyo ba. AdMob kuwa, mai biyan kuɗin talla, ba ya turo ko kwabo sai abin da ka tara ya kai dala 100.

Amma ba kuɗin rajistar ne ya sa na yi wannan rubutu ba. Wannan asara ce da za a iya mantawa. Abin da suke hari shi ne sunanka. Idan sun ga ka saki jiki, sai su ce za su biya maka dala 25 ɗin don taimako, kai dai ka buɗe asusu da Ghana Card ɗinka, ka ba su mabuɗin shiga, su kuma su riƙa ba ka ɗan wani abu duk wata. Saurayin da ba shi da aiki zai ɗauka alheri ne. To ka tambayi kanka: mutumin da ya iya aikin, me ya hana shi ɗorawa da nasa sunan? Ko Google ya riga ya kore shi, ko abin da zai ɗora ba ya son a gan shi a jikinsa. Mun san barnar manhajojin bashi a ƙasar nan, masu kwashe lambobi da hotunan mutum su tozarta shi a gaban dangi. A 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen guda 97 marasa lasisi. Idan irin wannan aka ɗora, sunanka da adireshinka ne a takarda, kai za a nema. Google kuma in ya rufe asusu, yakan rufe duk wanda ya gano yana da alaƙa da shi, ke nan an toshe maka sana'ar tun ba ka fara ba.

Wasu kuma fayil na APK, wato manhajar da ake sa wa waya ba ta Play Store ba, suke turowa wai kayan aiki ne. Da ka sa, ya nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin tantancewa ke shigowa. Kada ka sa.

Iyaye mata, ku ake zuwa a roƙa kuɗin nan. Kafin ku taɓa kuɗin adashi, ku ce malamin ya nuna manhajarsa a Play Store da sunansa, ya faɗi inda yake zama a je a gan shi. Wuraren koyo masu ƙofa da ofis suna nan, kamar cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Kofi Annan da ke Ridge.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya ɗauki hoton hirar da na saƙon MoMo yanzu, don da ya yi ƙorafi za su cire shi daga gurof. Ya kai wa kamfanin layinsa, ya kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Wanda ya ba da mabuɗin asusunsa ya canza shi yau, ya cire duk wani baƙon suna da aka ƙara a ciki.